Maigadin Ajin Manya

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta komai ba in ba amsar jarrabawa ba, kuma sau huɗu ina yaga wannan shafin na farko. Sai dai abin a gabana ya faru, a laburaren unguwarmu, inda nake da kujera kusa da taga, kuma mutanen nan sun ba ni haushin da in ban rubuta ba zai zame mini ciwo. Sun ce in rubuta, amma ban da suna.

Laburarenmu ba na karatu kawai ba ne. Litinin a koya wa mata kwamfuta, Laraba a taya masu neman aiki cike takardu, Asabar da safe yara su zo jin labari. Talata da Alhamis bayan la'asar akwai ajin manya masu koyon karatu da rubutu, su ta ƙofar baya suke shiga. Duk wannan a ɗakin taro ɗaya tak, mai fanka biyu, ɗayar ba ta juyawa. Shugabar wurin, da muke kira Madam Shiru don ita ce kalmar da ta fi so, ita ke raba lokaci a takardar da take mannawa a bango.

Wani mako ruwan sama ya hana ajin Alhamis. Madam ta mai da shi Asabar, ta manta da yara.

Mai yi wa yaran labari nas ce, Asabar kawai take zuwa, suna kiranta Anti Labari. Ta iso da yara ashirin da shida a bayanta, sai ta tarar da wani dogo siriri, wandonsa duk ƙurar alli, ya tsaya ƙyam a bakin ƙofa.

"Malam, ɗan matsa."

"Ranki ya daɗe, akwai aji a ciki. Ba a shiga, ba a leƙe."

"Yau Asabar fa."

"Na sani. Amma mutanen da ke ciki na yi musu alkawari ba wanda zai san suna zuwa, sai in su suka faɗa da bakinsu."

"To ina ruwana da su? Tabarmi kawai zan ɗauko."

"Zan miƙo miki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wai kai malami ne ko maigadi?"

"Yau dai duka biyun."

A ƙarƙashin matattakala ta yi labarin, yara na ihu, Madam na ihun a yi shiru. Da ya sallami ajinsa ta baya, sai ya zagayo da ruwan sanyi, ya ajiye kusa da ita, ya zauna can ƙarshen tabarma kamar wani yaron kirki. Ta harare shi sau uku. Na ƙirga. A na huɗu dariya ce ta kufce mata.

Wai don kada a sake karo da lokaci suka karɓi lambar juna. Washegari saƙonsa ya shigo:

"Sallama ga Shugabar Masu Surutu. Na duba takardar Madam, Asabar mai zuwa ɗakin naki ne. Ina neman alfarmar kujera ɗaya a baya. Ba a ƙarasa labarin kunkuru ba, hankalina ya ƙi kwanciya."

"Maigadi, ba a shiga, ba a leƙe."

"Na tuba."

"Ka zo ka share allo, ka shimfiɗa tabarmi, sai mu duba lamarinka."

Wata huɗu yana share allo. A zatonsu ba wanda ya lura, alhali har fankar da ba ta juyawa ta sani. Shi yakan ajiye mata littafi a kan kantar laburare da ƴar takarda a ciki: "Shugabata, shafi na tara ya tuna mini ke." Ita kuma ta zo masa da maganin tari, tana faɗa wai alli zai cinye masa ƙirji, ya bar ta da wahala.

Sai ta ce ya zo ya gaida Baba.

Babanta makaniki ne, mai babban gareji. Daga jin ƙarar mota yake faɗin ciwonta, kuma in ya yi magana a unguwa an gama. Abu ɗaya ne: da an miƙo masa takarda sai ya shafa aljihu ya ce, "Kash, na manta tabarau. Auta, karanta mini." Tun tana aji uku take karanta masa.

Maigadi ya zo da yamma cikin kaya masu guga, aka kai shi falo. Baba ya shigo yana goge hannu da tsumma. Suka haɗa ido. Tsumman ya faɗi.

Maigadi ya durƙusa. "Barka da yamma, Baba."

Baba ya juya wajen ƴarsa. "Wannan ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ban san shi ba, kuma ba na son in san shi. Ya tashi ya tafi."

Ni da labarin ya iso kunnena, kai na dafe. Tagata ƙofar baya take kallo. Wata bakwai ina ganin Baba Makaniki duk Talata da Alhamis, ya ja hula ya rufe goshi, littafi a cikin ledar kayan mota, yana shigewa da sauri. Ranar da Maigadi ya tare ƙofa ma yana ciki, yana jin muryar ƴarsa, ya kusa shiga ƙarƙashin tebur. Na sani, kuma ba maganata ba ce da zan faɗa.

Saƙonta ya same shi tun bai isa gida ba:

"Me ka yi wa Babana?"

"Wallahi ban yi masa komai ba, Shugabata."

"Kun san juna?"

Ya rubuta, ya goge. Ya sake rubutawa, ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Ki ba ni lokaci."

"Tambaya na yi maka. Eh ko a'a?"

"Ba zan iya amsawa ba."

"To ka ci gaba da gadin ƙofarka. Ni ba na auren mutumin da zai bar ni tsaye a waje."

A gida ta tambayi Baba har ta gaji. Ran nan ya ce yaron ya cika tsawo. Washegari ya ce ya cika rama. Da ta matsa sai ya ce, "Na ce a'a, ko sai na rubuta miki?" Mama da ke yankan albasa ta yi wani irin tari, ta fita.

Gwaggonta kuwa da jin ƙofa ta buɗe sai ta turo ɗanta Mai Kemis. Ya biyo Anti Labari laburare Asabar biyu, ya zauna a kujerar Maigadi, wayarsa ta yi ƙara sau biyar a tsakiyar labari. Madam da kanta ta raka shi har mota.

Abin da ya fi damun Maigadi shi ne Baba ya daina zuwa aji. Mako uku kujerarsa ba kowa. Sai ya ɗauki littafin karatun ajin ya tafi gareji, ya jira har mutane suka ragu, ya durƙusa kusa da motar da Baba ke ƙarƙashinta.

"Baba, ka hana ni ƴarka, wannan ikonka ne. Amma ka dawo aji. A shafi na talatin da ɗaya ka tsaya, saura tara. In ni ne ba ka son gani, zan nemo wani malamin."

Daga ƙarƙashin mota Baba ya ce, "Ka gaya mata?"

"A'a."

"Ta ce ta bar ka."

"Ta faɗa."

"Kalma ɗaya za ka yi ta dawo. Me ya hana ka?"

"Na yi maka alkawari tun kafin in san ta."

Baba ya ce, "Ni da nake aurar da ƴa, suruki ya durƙusa mini da safe, da yamma ya kama hannuna yana nuna mini yadda ake riƙe fensir? Ya san ina juya harafi baibai? Miƙo mini sifana mai lamba goma sha biyu, ka tafi."

Ya miƙa masa. Ya bar littafin a kan taya.

A daidai lokacin laburare ya cika shekara ashirin, Madam ta ce za a yi biki. Don tsabar rashin lura, ta sa su biyun a kwamiti ɗaya. Na sha wahala a makon nan. Suna tebur guda amma ba sa magana, sai ta bakin Malamar Kwamfuta.

"Ki gaya wa Maigadi kujeru ba za su isa ba."

"Ki gaya mata na aro talatin."

"Ki ce masa ya sha maganin tarinsa, yana damun mutane."

Malamar ta ajiye biro. "Ni na zo koyar da kwamfuta ne, ba gidan waya ba ce!"

Ranar biki ɗaki ya cika har taga. Yara suka yi wasan kunkuru, mata suka karɓi takardar shaida, aka ajiye kek a gefe. Sai Madam ta duba tsari ta ce, "Yanzu ɗaya daga ɗaliban ajin manya zai yi karatu."

Maigadi ya miƙe. "Madam, na gaya miki a cire wannan. Ba wanda ya ce zai fito, kuma ba zan kira kowa ba."

"Ni zan yi."

Daga bayan ɗaki muryar ta fito. Baba ne, cikin farar riga, Mama a gefensa. Ba ta ƙofar baya ya shigo ba. Anti Labari ta taso da sauri. "Baba, me ya kawo ka? In takarda ce kawo in..."

"Zauna, Auta."

Ya tsaya a gaba, ya ciro tabarau daga aljihu, ya ajiye shi a kan tebur. Ya buɗe wata takarda da ta sha ninki. Ya ɗora yatsa a layin farko, ya fara, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Ni makaniki ne. Shekarata sittin da biyu. Idona lafiya lau. Karatu ne ban iya ba. Yanzu na iya kaɗan. Ni na rubuta wannan." Ya tsaya a wata kalma, ya maimaita ta a hankali, ba wanda ya yi motsi. Madam ma ba ta buƙaci cewa a yi shiru ba. "Malamina ya riƙe sirrina. Ya yarda ya rasa ƴata. Ni ne na yi kuskure. Na ba shi ita, in tana so."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Anti Labari tana kuka, amma da ta buɗe baki faɗa ne ya fito.

"Baba! Tabarau uku na sayo maka! Har likitan ido na kai ka!"

Mama ta ce, "Ni tun makon aurenmu na sani. Jarida ya riƙe a kife, yana gyaɗa kai."

Baba ya juyo. "Shekara talatin da biyar ba ki faɗa ba?"

"Ka tambaye ni?"

Anti Labari ta share ido ta nufi Maigadi, wanda ya maƙale a jikin allo. "Kai kuma. Da haka za ka bari in auri mai wayar nan da ta yi ƙara sau biyar?"

"Da na yi ta jira a bakin ƙofa, Shugabata."

"Mutum sai taurin kai." Ta yi ƙasa da murya. "Ka sha maganin?"

"Na sha."

"To. Ina so."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Suka roƙi Madam ɗakin taro don ƴar liyafa, ta duba takardarta sau biyu kafin ta yarda. Ƴan ajin manya huɗu suka shigo ta ƙofar gaba. Baba ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai son karatu, ya sa su rufa wa juna asiri kamar yadda aka rufa masa. Kowa ya ce amin. Sannan ya gaya wa ango ranar Talata kada ya makara, saura shafi biyu.

Nan na kawo ƙarshe, a kujerata ta taga. Amarya ta ce in na gama sai na tashi na karanta a gaban mutane, ni kuwa ko sunana aka kira a aji zufa nake yi. Yanzu suna yanka kek, Madam ta juya baya. Zan saka wannan a akwatin mayar da littattafai. Ƙofar baya a buɗe take.