Kujerar da Aka Shanya a Saman Bene

Magariba ta kawo jiki, zafin bazara bai sauka ba. Ngo Tiong-hai da matarsa da 'yarsu Siok-hun suna cin shinkafa a bayan shagonsu na tsofaffin kujeru a birnin Tainan, sai suka ji ana yakushin ƙofar da ke fita saman bene. A hankali ake yi, kamar mai yin ya gaji.

"Ɓera ne," in ji Tiong-hai, amma bai ɗago ido daga kwanonsa ba.

Ya san ba ɓera ba ne. Kwanakin baya ya kwashe kayan falon wata tsohuwa da ta rasu, sai karenta Kuro ya biyo motar har shago, ya shige ƙarƙashin kujerar uwargijiyarsa. Siok-hun ta ɗauki son duniya ta ɗora wa karen. Kujerar mamaci kuwa ba a sayar da ita sai an shanya ta a rana, abin da ke cikinta ya fita. Da aka hau da ita sama, Kuro ya bi. Tiong-hai ya kira, ya ja, kare ya ƙi. Mai saye yana jira a ƙasa, sai ya ja ƙofa ya rufe, ya ce ƙishirwa za ta koya masa hankali. Ciniki ya ɗauke shi, bai tuna ba sai washegari. Ya binne gawar da ya tarar, ya ce wa 'yarsa ya kai karen ƙauye.

Tun daga wannan magaribar Siok-hun ta canja. Ta daina magana. Tana tafiya a kan yatsu kamar ƙasa na ƙona ta, harshe a waje, tana haki. Ko an ɗura mata ruwa, leɓenta a bushe yake. Da jikinta ya fara zafi kamar murhu, uwar ta ɗauko Tsoho Tiu, masanin haikalin unguwa, maƙwabta suka cika bakin ƙofa.

Tsohon ya kunna turare, ya zauna gaban yarinyar. "Wane ne a nan?"

Muryar da ta fito daga bakinta ba ta tsohuwar da ta rasu ba ce, ta wani tsoho ce, a dishe. "Ni ne mazaunin cikin kujerar. An shanya ni don in fita, ban ce komai ba, haka ake yi. Amma karen fa? Yini guda yana kuka a jikin ƙofa. Ni na ba shi inuwa, ba ta isa ba."

Maƙwabta suka juyo suna kallon Tiong-hai. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Me kake so?" in ji Tsoho Tiu.

"Yarinyar ta yini a saman nan, ƙofa a rufe."

"Haba dattijo, ita ce fa ke ba shi abinci. Za mu ƙona maka kujerar, ka tafi da abinka. Za a ajiye kwanon ruwa a sama har bazara ta wuce."

Muryar ta ce, "Da sauran ɗaya. In ta farka ta tambaya, ubanta ya faɗa mata da bakinsa. In ya sake cewa ƙauye, zan dawo, kuma ba ciniki."

Siok-hun ta sulale ƙasa. Gumi ya karyo mata, na farko tun fara ciwon. Ta sha ruwa, ta dubi mutane, ta nemo ubanta da ido.

"Baba, na yi mafarkin Kuro. Ya saba da ƙauyen kuwa?"

Ba wanda ya motsa daga bakin ƙofa. Tiong-hai ya durƙusa gabanta. Ya san in ya faɗa, ba za ta ƙara kallonsa kamar da ba.

"Siok-hun," ya ce, "ban kai shi ƙauye ba. Ni na rufe ƙofar."