Baƙin Yadi a Kayan Amarya

Na rantse ba za ku yarda da wannan labari ba, amma ku tambayi kowace tsohuwa a unguwarmu ta Halifax, za ta ba ku shi har da ƙari.

Ranar wata Asabar da yamma falon Kaka Hepzibah ya cika da kaya. Jikarta Dorcas za a aurar, marainiyar da ta raina tun tana rarrafe, kuma da safe aka je sayayya: farin silikin rigar amarya, leshi, hula mai furanni, da jan kafet na ɗakin ma'aurata. Wanda ya yi dakon kayan shi ne angon da kansa, Barnaby Thwaite, ma'aikacin kantin da aka sayo yadin. Gwani ne wurin awo, gwani ne wurin tsokana. Makaranta ma bai gama ba, korarsa aka yi ranar da malami ya ɗora hula ya ji kwaɗo a ka, kuma har gobe da abin yake alfahari.

"Ajiye nan, ɗan nema," in ji Kaka tana kaɗa almakashi. "Bari in ga ko ka cuce ni a awo."

A cikin kayan akwai ƙunshi ɗaya da ba na gidan ba. Na Baffa Obadiah ne, ƙanen mahaifin Dorcas, wanda tun farko ya ce auren nan sai dai bayan ransa. Da safen nan a kanti ya zaro littafin zanen barkwanci da Barnaby ke ɓoyewa ƙarƙashin kanta, ya ɗaga sama ya ce, "Jama'a, ku ga karatun surukinmu!" Matan da ke zaɓen yadi suka kwashe da dariya. Don haka maimakon yadin rigar da Baffa ya saya, sai Barnaby ya naɗe masa baƙin yadin makoki. Kowa dai ya san wannan yadi ba ya shiga gida sai an yi rashi. In ya riga mutuwa shiga, to shi ne zai jawo ta. Niyyarsa ya biya ya ajiye shi a ɗakin da Baffa ke haya, tsohon tuzuru ya sha zawo.

Sai ga hannun Kaka a kan ƙunshin.

"Kaka, wannan ba—"

Ta riga ta datse igiya. Takarda ta buɗe, baƙin yadi ya zubo a cinyarta.

Kaka ta janye hannuwanta kamar ta taɓa maciji.

"Wa ya saya?" ta ce da wata murya da ba tata ba. "Wa ya sayo wannan cikin kayan amarya?"

Baffa Obadiah, wanda shi ma ya zo ganin kaya, ya miƙe, sajensa na rawa. "Kai! Wa ya naɗe kayan nan? In hannun mutum ne, yau sai na ga bayansa!"

Bakin Barnaby, da ya saba da ƙarya, ya riga shi magana. "Yallaɓai, ni na naɗe, amma fari na sa. Da idona na gani, fari ne!"

Da ya sani da ya haɗiye harshensa. Kaka ta dafe ƙirji.

"Ya shiga fari, ya fito baƙi? To, aike ne. An aiko ɗaukar mutum a gidan nan, ko ni ko 'yar nan. Ya Allah, ka sa ni ce!"

Daga ranar ta kwanta. Ba ci, ba sha, sai kallon silin. Likita ya zo ya duba, ya ce bai ga ciwo ba, amma kullum ramewa take, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Aka dakatar da biki. Yadin na nan kan teburin falo, ba mai taɓa shi, maƙwabta ma daga bakin ƙofa suke gaisuwa su juya. Shi kuwa gogan naku, wanda ke bugun ƙirji bai taɓa jin tsoro ba, ko ƙararrawar coci aka kaɗa sai almakashi ya suɓuce masa: ko Kaka ce ta cika?

Rannan sai ga Dorcas a kanti, idanunta jajur. Ta yi kamar tana duba leshi.

"Kai ne," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ni? Haba, Dorcas—"

"Kowa yadi ya kalla ranar nan, ni kai na kalla. Kada ka yi min ƙarya, ka riga ka yi wa Kaka."

"Da Baffa nake, wallahi ba da ita ba! In na faɗa, shi ke nan, ya samu abin da yake nema. Za su raba mu."

"Ƙila su raba mu." Hawaye suka zubo mata. "Amma in ta mutu kana shiru, ba sai kowa ya raba mu ba. Ni ba zan tona maka ba. Zan jira in ga wa zan aura."

Ana tashi daga aiki ya nufi gidan. Ya tarar da Baffa zaune a bakin gado, Dorcas riƙe da kwanon romon da aka ƙi sha. Ya durƙusa.

"Kaka, ku yafe min. Ni na sa baƙin yadin. Ba aike ba ne, shaƙiyancina ne."

"Na faɗa muku!" Baffa ya daka tsawa. "Fita, ja'iri!"

Amma Kaka murmushi ta yi, irin na mai bankwana. "Ƙyale shi, Obadiah. Yaron kirki, don in ci abinci ya ƙago wannan. Na san ka, Barnaby, ƙarya a bakinka kamar numfashi ce. Allah ya yi maka albarka, amma lokacina ya yi."

Nan tsoro na gaske ya kama shi. Sau ɗaya a rayuwarsa ya faɗi gaskiya, ga shi ba a yarda ba, kuma rai ne a kai! Ya yi rantsuwa, ya yi kuka, Kaka sai girgiza kai take. Can ya zabura ya sauka falo, ya sungumo yadin ya hauro da shi.

"Kada ka shigo da shi nan!" Baffa ya yi baya har ya buge bango.

Barnaby ya kama gefe ya kakkaɓe shi a tsakar ɗaki. Wata takarda ta faɗo kan bargon Kaka. Shafi ne da ya yago daga littafin zanen, ya cusa can cikin ninki don Baffa ya gani bayan ya gama tsorata: wani ƙaton mutum na gudu, wandonsa a bakin dinya, tsuntsuwar nan mai kama da agwagwa, an ƙara masa saje da tawada, sak na Baffa Obadiah.

Kaka ta sa tabarau. Ta dubi hoton, ta dubi ɗanta, ta sake duban hoton. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Mutuwa dai ba ta aiko da hoton dinya," ta ce, sai dariya ta ƙwace mata har da tari. "Obadiah, har tumbin! Dorcas, miƙo min romon nan."

"Inna, a fasa auren nan!"

"Rufe min baki. Kai ka fara, a gaban mata." Ta juyo ga Barnaby, dariyar ta ɗauke. "Kai kuma, ka kusa kai ni kabari. Biki sai bazara. Kafin nan, kowace Asabar ka fito da kafet ɗin gidan nan kaf, ka kakkaɓe a tsakar gida, maƙwabta na kallo. Ka yi fashi sau ɗaya, ka manta da ita."

Haka aka yi. Duk tsawon hunturu yana dukan kafet, hannu ya faffashe, yaran unguwa na rera masa waƙa, Baffa na tsaye yana nuna inda ya rage ƙura. Dorcas ta jira ba ƙorafi, da bazara ta shigo ta sa farin silikinta aka ɗaura aure a coci.

Ku samari, wasan da aka gina kan tsoron wani ba ka san ƙofar da zai faɗa ba, kuma wanda ya saba wa bakinsa ƙarya, ranar da yake neman a yarda da shi sai ya yi kuka da hawaye. Barnaby ya samu matarsa, amma Kaka ta ce ita ba ta tuna ta ambaci ranar daina kakkaɓa ba. Ku biyo ta layinmu ran Asabar, za ku ji ƙarar sanda.