Mu Haɗu a Tasha ta Bakwai

Kwana uku ke nan fitilun shagon hotonsu Auta suna haskawa ba wanda ya taɓa su. A rana ta huɗu hoton wani jariri take ƙoƙarin ɗauka. Da ƙyar ta lallashe shi ya yi shiru, ba ta ma kai kyamara ido ba sai fal! fitilu biyu suka watsa masa haske. Yaro ya tsandara ihu, uwarsa ta suri abinta tana cewa Allah ya kiyaye gaba.

Baba, mahaifinta kuma mai shagon, ya leƙo ta saman tabaraunsa.

"Ai na faɗa miki. Shekara talatin ina haɗa fitila da kyamara da igiyar wuta, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ke kika kawo mana waɗannan gidajen ashanar."

Tiriga da risiba yake nufi: ɗaya a kan kyamara tana aika saƙo ta iska, ɗaya a jikin fitila tana karɓa. Auta ce ta nace aka saya, don ta gaji da tuntuɓe da igiya.

Tana tsaye tana juya risibar a hannu sai ta ji wata murya ta bayan bango: "Ɗaya, biyu, uku!"

Fal!

Ta gyara mayafi ta fita, ta tura ƙofar shagon da ke manne da nasu. Sabon ɗan haya ta tarar, wanda 'yan bene suke kira Dogo, yana ɗaukar hoton takalma na wani ɗan kasuwa. Saboda sabo, har takalman yake ƙirga wa ɗaya, biyu, uku.

"Malam, kai ne kake kunna mana fitila?"

Ya dube ta, ya dubi risibar hannunta, ya dafe kai.

"Ashe ke ce! Sau biyu ina mayar da tawa wurin mai sayarwa. Yanzu in ya hango ni ƙarƙashin kanta yake shiga."

Suka juya na'urorin, sai ga shi duk a tasha ta ɗaya suke, yadda suka fito daga kwali, shi ya sa tirigarsa take kunna fitilunsu.

"Sai ki canza taki," in ji shi.

"Ni? A benen nan na yi rarrafe. Baƙo ne yake matsawa."

Ya koma tasha ta bakwai ba musu. Sai dai ya roƙi lambarta, wai saboda tsaro, ko tashoshi za su sake karo. Ta ba shi tana hararar takalman, don ta kasa kallon idonsa.

Washegari da safe fitilarta ta haska sau biyu. Saƙo ya biyo baya:

"Ba kuskure ba ne. Ina kwana, Walƙiya?"

Ta rubuta: "Lafiya lau, Ɓarawon haske. Batir ɗina kake cinyewa."

"Zan sayo miki kwali guda. Murmushin nan da na jiyo ta bango fa, nawa ne?"

"Ba a jin murmushi."

"Naki ana ji."

Wata biyu ana haka. Ranar da Dogo ya sa aka sanar da Baba yana son turo manyansa, Baba ya ajiye almakashin yankan hoto ya ce sam.

"Yaron da ya ƙwace mini makarantar da nake wa hoton yaye ɗalibai shekara goma sha takwas? Ya ɗauke mini ciniki, yanzu kuma 'yata? Saura kujerar da nake zaune."

"Baba, su suka neme shi."

"To ya je ya auri makarantar."

Wanda Baba yake so ya ba Auta shi ne mai shagon tabarau na ƙasan bene, mutum mai natsuwa da ke goge masa gilashi kyauta. Sau ɗaya ya zo hira wurin Auta, ya kwashe awa guda yana bayanin hawan jinin ido, da zai tafi ya ce ta rufe ido ɗaya ta karanta kalandar bango. Auta ta kai kuka wurin Umma. Umma ta ce, "Ki bi babanki a sannu. Ba yaron yake ƙi ba, tsufa ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa yake jin haushin kowa."

Da Auta ta gaya wa Dogo maganar makarantar, sai ya ce aikin ma ya fi ƙarfinsa. Ɗalibai ɗari biyu a zaure mai duhu, fitila biyu ba za su isa ba. Ya ce ta kawo nasu biyu a haɗa da nasa, in hotuna sun fito a buga musu hatimin shagon Baba, a kai masa ya gani da idonsa. Ana gobe aikin ya turo saƙo:

"Walƙiyata, gobe ƙarfe goma. Mu haɗu a tasha ta bakwai. Ki haɗa kayanki tun yau, kar ki manta da lema biyu. Kada Baba ya sani sai komai ya kammala."

Wayar tana kan kantar shago, Auta tana ciki tana wanke hannu. Baba ya karanta sau uku, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Sannan ya mayar da wayar inda take.

Da safe Auta ta ce za ta fita aiki, ya ce a dawo lafiya da wata irin murya. A zauren makaranta ita da Dogo suka kafa fitilu huɗu, kowace da lemarta mai tausasa haske, duk risibobin a tasha ta bakwai. Ɗalibai kuwa sun ƙi tsayuwa. A jera na gaba, na baya su watse. Har sha biyu saura ba a ɗauki ko ɗaya ba. Sai wayarta ta yi ƙara, Umma ce.

"Ke Auta, kina ina? Babanki tun ƙarfe tara ya ɗauki sanda ya ja mai tabarau, wai za su tare ki a tashar mota kafin yaron nan ya gudu da ke!"

Auta ta zauna a kan akwatin kaya. Dariya na cinta, hawaye na zuba, don ta san Baba da ciwon ƙafa, ga rana ta take.

Dogo ya miƙa mata kyamara. "Riƙe. Zan ɗauko shi."

"Shugaban makaranta zai kore mu!"

"Ya kora. Aiki ana samun wani."

Abin da ya faru a tasha daga baya ta ji. Baba ya zagaye layin motoci kaf yana tambayar tasha ta bakwai, aka ce masa tasha ɗaya ce tal a garin. Mai tabarau ya yi awa guda ya ce ya bar masu jira a shago, ya zame. Dogo ya tarar da tsohon shi kaɗai a kan benci, ƙafa ta kumbura. Baba ya ɗaga sanda, Dogo ya durƙusa ya ce ya doke shi in ya so, amma a kan babur, don yara ɗari biyu na jira.

Haka suka shigo zaure, Baba na ɗingishi yana huci. Ya dubi 'yarsa, ya dubi lemomin, ya dubi ɗaliban da ke ta tsalle. Sai sana'a ta motsa.

"Wa ya jera yaran nan kamar an zubar da tsakuwa? Kai mai kunnuwa, koma baya! Gajeru a gaba! Malamai ku zauna, ku haɗe gwiwa!"

Cikin minti biyar zaure ya yi tsit. Dogo ya miƙa masa kyamara da hannu biyu. Baba ya laluba gefenta yana neman igiya, bai samu ba, ya yi tsaki ya danna. Fitilu huɗu suka haska lokaci guda daga kusurwa huɗu. Ya daɗe yana kallon hoton a bayan kyamara, fuska ɗari biyu, babu inuwa a ko ɗaya.

"Ita ce tasha ta bakwai?"

"Ita ce, Baba."

"Hm. Fitilar hagu ta yi ƙasa. Tsawon banza gare ka, ɗaga ta." Ya juya ga Auta. "Ke kuma, ki ce masa ya turo manyan nasa. Amma a gida za a haɗu, ba a tasha ba."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Masu hoto bakwai ne a wurin, duk abokan sana'a, ango da amarya kuma suka hana su sakat: wannan ya matsa, wancan ya rage haske, har sai da Umma ta ce in ba su yi shiru ba za ta sa a fitar da su daga bikinsu. Da aka zo tantancewa, hotuna dubu da ɗoriya, an ɗauki kowa har mai gadin zaure, amma babu ko ɗaya na su biyun tare. Sai wanda Umma ta ɗauka da wayarta, a karkace, rabin yatsanta a ciki, su biyu suna gardama kan inda ya kamata a kafa fitila.

Shi suka wanke babba suka rataya a falo. Ranar da Baba ya fara zuwa gidan ya tsaya gabansa ya daɗe.

"A sana'ance wannan hoton bai ci ko sisi ba," ya ce. "Kada wanda ya sauke shi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin magana fiye da ku."

Suka haɗa baki suka ce amin.