Atamfa Mai Warin Tafarnuwa

Indo ta dawo daga aiki da la'asar, ta zauna bakin murhu ko hijabi ba ta cire ba. Innarta na tankaɗen gari, ta dube ta sau ɗaya ta san akwai magana.

"Ke, mi yaf faru? Ko ɗiyan mutane sun sake yi miki amai?"

"Inna, turare nis samu cikin jakar Yusra. Da 'yar takarda." Ta miƙa mata. An rubuta da jan biro: *Na Anti Indo ne, daga baban Yusra.*

Inna ta ajiye rariya, ta riƙe haɓa.

Shekara biyu ke nan Indo na aiki a gidan renon yara na Madam Zipporah, nan cikin Wurno. Madam tsohuwar nas ce, mutumiyar Zuru, ta yi ritaya ta buɗe wurin saboda ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da ba su da inda za su bar ƙananan yaransu. Tun da mahaifin Indo ya rasu, wannan aikin ne ke riƙe da gidansu. Aiki ne kuma da ba ya tsayuwa sai da yarda, don ba uwar da za ta miƙa jaririnta ga wadda take zargi. Shi ya sa Madam ta kafa doka: ba a karɓar kyautar iyaye ko da ƙwayar gyaɗa ce, kuma duk uban da ya kawo zancen da ba na ɗansa ba, a ranar za a gaya mata.

"Kin gaya ma Madam?" in ji Inna.

"Da wane baki, Inna? In ce mata uban ɗiya na sona? Na dai mayar mai da abinai can ƙasan jakar."

"Kin kyauta. Shiru ma magana ta, mai hankali shina ganewa."

Indo ta jefa takardar cikin wuta, don ko ganinta kunya yake ba ta. Da ita da Innarta ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wa ke buɗe jakar Yusra in an tashi.

Baban Yusra shi ne Bashar, mai fataucin tafarnuwa da albasa. Matarsa ta rasu Yusra na da shekara guda. Kullum da safe shi ke kawo yarinyar a kan tankin babur, sannan ya wuce kasuwannin Goronyo ko Rabah. Da azahar kuma kakarta, Hajiya Hassana, uwar marigayiyar, ita ke zuwa ɗaukarta. Bashar da kansa yake yi wa Yusra kitso, kitson da in ka gani sai ka rantse kaji ne suka yi tono a kan. Indo kan zaunar da ita ta warware ta sake, tana dariya a ciki. Gaskiya ɗaya ce, mutumin yana burge ta. Namijin da zai zauna da mataji yana fama da kan ɗiyarsa ba a ko'ina ake samunsa ba. Amma burgewa daban, amana daban.

Sati na biyu sabulu mai tsada ya zo cikin jakar. Sati na uku atamfa turmi guda. Dukansu kuwa warin tafarnuwa suke, don a shagonsa yake ɓoye su kafin ya samu ƙarfin halin kawowa. Indo ta riƙa mayarwa ƙarƙashin kayan canjin Yusra. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, kullum murmushin Bashar ƙara faɗi yake. Ta ce a ranta, wannan wane irin mutum ne, ana mayar masa da kaya yana washe baki?

Ranar Litinin da ƙarfe biyu, iyaye mata sun cika tsakar gidan renon suna ɗaukar yaransu, sai ga Hajiya Hassana da baƙar leda. Ba ta yi sallama ba. Ta zazzage ledar kan tabarma, turare da sabulu da atamfa suka zubo.

"Ku diba, bayin Allah. Ku diba abin da wagga yarinya ka sa ma jikata cikin jaka tana aika ma surukina. Sati ukku ina tara su. Na kai ma malam, yac ce in ba asiri ba, mi ka kawo tafarnuwa ga atamfa?"

Indo na riƙe da wani jariri. Uwar jaririn ta matso ta zare shi daga hannunta ba tare da ta dube ta ba.

"Ɗiyata ko shekara ukku ba ta cika cikin ƙasa ba," in ji Hajiya, "an hwara neman ɗakinta da ƙulle-ƙulle — kuma ta hannun marainiyar da ta bari!"

Madam Zipporah ta fito daga ofis, ta dubi kayan, ta dubi Indo.

"Indo, ke kika sa waɗannan a jakar Yusra?"

"Ni nis sa, Madam, amma..."

"Kun ji ko?" in ji Hajiya.

"Shi yak kawo su, mayarwa nika yi," in ji Indo, amma muryar ba ta fita sosai ba.

"Akwai shaida?" in ji Madam.

Shaidar ta zama toka a murhun Inna tun sati uku da suka wuce. Abin ya girgiza Madam ita ma. Sai ta ce, "Ko gaskiya kika faɗa, kin karya doka, tunda ba ki gaya mini ba. Ki zauna gida sai na neme ki."

Kafin magariba labarin ya gama unguwa, ya kuma yi 'ya'ya a hanya. Wasu suka ce laya aka samu, wasu suka ce a abincin yara take barbaɗa magani. Indo ta shige ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Rasa aikin ya dame ta, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda matar nan ta zare jaririnta. Inna kuwa sai salati take tana cewa, "Ni nib ba ki gurguwar shawara." Bashar, wanda shi kaɗai zai iya warware zancen, yana Goronyo yana lodin albasa, bai san wainar da ake toyawa ba.

Ranar Laraba da hantsi aka yi sallama a zaure. Wani dattijo ne, Baffa Atiku, ƙanen mahaifin Bashar, da ƙullin goro a hannunsa. Inna ta tsaya bayan ƙofa suka gaisa.

"Ɗanmu Bashar yat turo ni tun daga Goronyo," in ji shi cikin fara'a. "Yac ce yarinya ta karɓi toshinai har sau ukku, ba ta mayar ba. Shi na niz zaka in tambayi inda manyanta suke."

Indo da ke jin komai daga ɗaki ta ja hijabi ta fito. Ita da ba ta iya haɗa ido da babba, yau ta durƙusa a bakin zaure ta yi magana tiryan-tiryan.

"Baffa, ka yi mani aikin gafara. Ban karɓa ba, ko sau guda. Kayan ɗanku sun raba ni da aikina, sun sa ana ce mani mai asiri."

Ta kwashe labarin duka ta gaya masa. Goron ya kusa suɓuce wa dattijon. "Subhanallahi. To ɗiyata, mi kika so a yi?"

"Inda anka ɓata ni, can za a wanke ni. Gaban matan nan, da ƙarhe biyu."

Washegari Bashar ya baro lodinsa ya taho. Da ƙarfe biyu ya tsaya a tsakar gidan renon, gaban mata fiye da goma, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Madam ta sa an kira Indo da Hajiya Hassana.

"Ni nis sayi kayan ga," in ji shi. "Ni nis sa su cikin jakar ɗiyata. Anti Indo ba ta taɓa ce mani komi ba bayan ina kwana. Da nig ga ba su dawo hannuna ba, sai niɗ ɗauka ta amsa."

"To tafarnuwar hwa?" in ji Hajiya.

Bashar ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ki sansana rigata."

Wata nas ta toshe baki da gefen hijabi, dariya ta kusa ƙwace mata. Hajiya Hassana kuwa ba ta yi dariya ba. Ta zauna daɓas kan tabarmar yara, ta dubi Indo, hawaye suka zubo mata.

"Ashe ɗiyar mutane niz zalunta. Tsoro nika ji a mance da tawa, shi yar ruhe mani ido. Ki yahe mani, ɗiyata."

"Na yahe, Hajiya," in ji Indo, ita ma tana share ido.

Madam Zipporah ba ta bari an tashi a kan hawaye kawai ba. Ta juya ga Bashar.

"Malam Bashar, so ba laifi ba ne. Amma ka kawo mana 'yarka ne mu rena, ba ka kawo ta ta zama 'yar aike ba. Yarinyar da ke cin abinci da renon 'yarka, ta yaya za ta iya ce maka a'a a fili? Ka sa ta a tsaka mai wuya, kai kana kasuwa." Sannan ta dubi Indo. "Ke kuma, kunya ado ce, amma wadda ta hana ki zuwa ofis ɗina ita ta kai ki nan. Ranar Litinin ki dawo aiki."

Bashar ya yi ta maza ya ce, "Madam, a ba ni izini in tambaye ta abu guda, gaban kowa."

Indo ta riga shi. "Baban Yusra, muddin Yusra na hannuna, ni Anti ta, ba wani abu ba."

"Bayan nan hwa?"

Ta dubi ƙasa. "Bayan nan, Baffana Isma'ila na Rabah. Gidanai na da ƙohwa."

Wankin bai fitar da komai da komai ba. Mata biyu ba su sake kawo yaransu ba, kuma an daɗe ana nuna Indo da baki a wajen biki. Ta haɗiye, ta riƙe aikinta. Bashar ya daina shiga gidan renon, a bakin get yake sauke Yusra ya juya babur. Wata goma sha shida ya yi a haka, ko saƙon waya bai taɓa tura mata ba. Wani lokaci in Indo ta ji ƙarar babur ɗin yana nisa sai zuciyarta ta yi nauyi, ta ce ƙila ma ya haƙura. Ba ta dai leƙa ba, sai ta zaunar da Yusra ta gyara mata karkataccen kitsonta.

Ranar da Yusra ta sa yunifom ta shiga makaranta, ba a yi sati ba Baffa Atiku ya hau mota zuwa Rabah da goronsa. Wannan karon an karɓa.

Da aka tashi kawo lefe, Hajiya Hassana ce a gaba, Yusra na riƙe da gefen zanenta. Ta yi sallama sau uku a ƙofar gida, sai da aka amsa sannan ta shiga. Da hannunta ta buɗe akwatin farko. A can sama, ga atamfar nan a ninke.

"Sau ukku ina shanya ta," in ji Hajiya, "warin ya ƙi hita."

Indo ta ɗauka ta kai hanci. Tafarnuwar na nan daram. Sai dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda, ta rungume atamfar a ƙirji.

"Bar shi, Hajiya. Yanzu ta ƙohwa tash shigo."

To, 'yan'uwa, ku riƙe wannan. Wanda aka damƙa wa amanar ɗa, hannunsa a cike yake, kada a cusa masa wani abu. Mai so na gaskiya yana jira amana ta koma ga mai ita, sannan ya yi sallama a ƙofar gida. Ita kuma kunya, in ta kai ga ɓoye gaskiya ga wanda ya kamata ya ji, mai ita take fara cuta. Indo har yau tana aiki wajen Madam, kuma ita ke zaunar da sababbin ma'aikata ta karanta musu doka tun ranar farko.