Ƙarƙashin Rufin Kankare

"Fita! Na ce ki fita, mai yanke ƙafafun 'ya'yan mutane!"

Mama Anasya ce ke wannan ihun, amma ban tafi ba. Na yaye zanen gadon da Mama Anasya ta mayar ƙofa, na kutsa kai cikin rumfar, wari ya buge ni tun kafin in ga fuskarsa.

Na san warin nan. Tun ranar da girgizar ƙasa ta kwantar da garinmu Leyogan nake shaƙarsa a asibitin sa-kai da muka kafa a harabar makaranta. Amma ban taɓa zaton zan ji shi a jikin Kesnel ba, mutumin da saura ƙiris a ɗaura mana aure a coci. Na karaɗe filin ƙwallon da jama'a suka koma kwana, rumfa-rumfa, na leƙa fuskokin gawawwaki ina nemansa, ashe uwarsa, Mama Anasya, ce ta ɓoye shi.

"Kesnel... masoyina..."

Da ƙyar ya buɗe ido. "Wideline? Kina raye?"

"Ina raye. Kai ne ban sani ba."

Na durƙusa na kwance tsumman da ke ƙafarsa. Sun lafta mata ganye da man zurma, sun yayyafa giyar rake. Daga gwiwa zuwa ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ta kumbura suntum. Jikinsa kuwa zafi rau.

"Mama, don Allah ku saurare ni. Ƙafar nan ta riga ta mutu. In ba a cire ta yau ba, za ta tafi da shi."

"Ba na gaya muku ba?"

Muryar Gerda ce, 'yar maƙwabtansu, wadda tun muna makaranta take rugawa shafa hoda in ta ji ƙarar babur ɗinsa. Tana zaune a gefen kansa tana yi masa fifita da kwali, sai ka ce ita aka kai wa kayan aure.

"Kowa ya sani, Mama," ta ce. "Duk nas ɗin da ta kai wa baƙin likitocin nan mutane da yawa suka yanke, biza suke ba ta. Ta mayar da shi gurgu, ta hau jirgi, ta bar muku wahala."

Na dube ta sama da ƙasa. Da ba don hannuna na kan ciwo ba, da ta ji shi a kuncinta.

"Ke Gerda, rufe mini baki! Ganyen da kika jiƙa ne ya kai shi nan!"

"Ɗan acaba ne ɗana," Mama ta ce. "Da wace ƙafar zai tayar da babur? Ƙanensa na ƙarƙashin gidanmu har yanzu, ko gawarsa ban gani ba. Shi kaɗai ya rage mini, kuma ki ce in ba ki ki gutsure shi?"

Hawaye suka zubo mini. Ban ga laifinta ba, amma ba ni da lokacin lallashi.

Na kama fuskarsa da hannu biyu.

"Zuciyata, dube ni. Ƙafa na ce zan aura? In rarrafe za ka yi zuwa coci, ni zan jira ka a bakin ƙofa. Ka yarda, don Allah ka yarda!"

Ya ja ni kusa, leɓɓansa duk sun tsattsage.

"Ba ƙafar ba ce, Wideline. Su ɗauke ta, na gaji da ita." Ya rage murya. "An ce a cikin aji suke yankan. Ƙarƙashin kankare."

Ya damƙe hannuna.

"Ba zan sake shiga ƙarƙashinsa ba. Ina kwance yana kan ƙafata, ina jin ƙanena yana kirana har ya daina... Gara in mutu ina kallon sama."

Ba shi kaɗai ba ne. Duk garin babu mai kwana a ɗaki. Masu gidajen da ba su ko tsage ba ma a titi suke shimfiɗa. Ko sunan girgizar ba ma faɗa, sai dai mu ce abin nan. Amma ƙudaje da ƙura ba sa barin a yi aiki a waje, shi ya sa likitoci suka zaɓi aji ɗaya da ya tsira.

"Injiniyoyi sun duba ɗakin," na ce. "Lafiyarsa ƙalau."

Gerda ta yi wata 'yar dariya.

"To ku tambaye ta, Mama. Ita tana shiga? Kullum ina ganinta a layin ruwa. Daga ƙarƙashin tamfol take miƙa musu kaya, ko dokin ƙofar ba ta takawa!"

Muguwa, amma a nan ba ta yi ƙarya ba. Kowa a asibitin ya san ni. Zan wanke ciwo, zan ɗauki gawa, amma kada a ce in shiga gini. Ina zuwa bakin ƙofa ƙafafuna ke sandarewa.

Mama Anasya ta zuba mini ido. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Mama."

"Ɗakin da kike tsoro za ki tura mini ɗa?"

"Ba tura shi zan yi ba." Na juya wajensa. "Tare za mu shiga. Ba zan fito ba sai da kai. In ya faɗo, ya faɗo mana mu biyu."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

A kan ƙyauren wata ƙofa maza suka ɗauke shi, Mama na biye tana kiran sunan Yesu. Dokta Belizè, dattijon da ya baro aikinsa a Kanada ya dawo gida taimako, kallo ɗaya ya yi wa ƙafar ya ce a shiga da shi yanzu. Da ya ga na bi su, sai ya ɗaga gira.

"Mis Wideline, ke ce kuwa?"

"Kada ku yi mini magana, Dokta, in na tsaya ba zan iya ba."

Na taka. Rufin nan kamar a kan wuyana aka ɗora shi. Na riƙe hannun Kesnel, na hana shi kallon sama.

"Ni za ka kalla, ɗan rainin hankali. Duk 'yan matan da kake ɗauka a babur kyauta, ka ɗauka ban sani ba?"

Ya yi ɗan murmushi, allura ta tafi da shi.

Ana tsakiyar aiki ƙasa ta sake motsi.

Ƙarar ce ta fara zuwa, irin ta babbar mota. Tiren almakasai ya kife. Ƙura ta zubo daga sama. A waje filin ya kaure da ihu, "Yesu! Yesu!" Mai riƙe da robar ƙarin ruwa ya sake ta ya yi waje da gudu, ban kuma ga laifinsa ba.

Ƙofa na nan a buɗe, kusa da ni. Duk jikina ita yake so.

Na kifa a kan ƙirjin Kesnel, na rufe kansa da nawa.

"Ya Allah, in za ka ɗauka, ka haɗa da ni... kada ka bar shi shi kaɗai..."

Sai ta lafa.

"Ɗauko robar nan, Mis," Dokta ya ce, hannunsa na danne da jijiya. "Ba mu gama ba."

Rana ta yi sanyi kafin mu fito da shi. Ya farka a ƙarƙashin tamfol, ya lalubi inda ƙafar take, bai same ta ba. Ya yi kuka, na yi, ban ce masa ya yi haƙuri ba. Amma kafin gari ya waye zazzaɓin ya fara sauka.

Gerda kuwa, an ce tun motsin farko ta yar da kwalinta, ba a sake ganin ƙeyarta ba.

Mama Anasya ta zo da ƙaramin kwano na romon kabewa, ban san inda ta samo shi ba. Ta tsaya a kaina. Na miƙe da sauri don in ba ta wuri.

"Ina bakin ƙofar," ta ce. "Na ga wanda ya fito. Ina ta jira in ga kin fito."

Na sunkuyar da kai.

A wajenmu ba a kiran mace da sunan mijinta sai ranar da aka fito da su daga coci. Mu kuwa cocin ma ya rushe, fada, limamin cocin, yana cikin waɗanda ake tonowa.

Ta miƙo mini kwanon da hannu biyu.

"Karɓi, Madan Kesnel. Ba mijinki ya sha tun da zafinsa."