Takardun Tungar Nasidi

Ranar Laraba da hantsi Malami, shugaban Ƙungiyar Tuna Baya, ya buɗe akwatin ƙarfen ƙungiya a ɗakinsu na Talata Mafara, ya zaro gafaka, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Takardu goma ne a ciki. Tara sun koma fari fat, babu ko ɗigon tawada.

Ƙungiyar ta 'yan sa-kai ce. Tun da aka fara datse ruwa a Bakolori suke hawa kekuna suna bin ƙauyukan Maradun da Bakura, suna tattara abin da ruwa zai ci. Takardun na Barira ne, wata tsohuwa 'yar Tungar Nasidi, ƙauyen da yanzu kan giginyarsa kaɗai ke leƙowa a tsakiyar ruwa. Ubanta, limamin ƙauyen, shi ya zana maƙabartarsu gida-gida kamar na dara, da ajami, kowane gida da sunan wanda ke kwance. 'Ya'yanta uku suna can. Wani masunci ya yi mata alkawarin ranar Juma'a zai kai ta da kwalekwale, a auna daga giginya, ta yi masu addu'a daidai kansu.

Da Sajan Hashimu na 'yan sanda ya iso ya tarar ana ta surutu. Wani ya ce rufi ya yi yoyo, wani ya ce aljanun ruwa ne suka biyo kayansu. Hashimu ya ja tsaki. Yoyo wata huɗu bayan ɗaukewar damina? Ya duba kwaɗo, lafiya lau. Ya ɗaga takarda ɗaya ya hanga ta bakin ƙofa. A shimfiɗe take sumul, alhali takardar da ta jiƙe ta bushe da kanta tattarewa take yi. A gefen ta bakwai ga tabon ƙuna mai tsini. Ya shinshina, ƙaurin gawayi.

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu, yallaɓai," in ji Malami. "Ɗaya gare ni, ɗaya ga Shehu sakatare."

"Ban da ku wa ya taɓa gafakar?"

"Hayatu. Shi munka bari nan ran Lahadi yana gyaran kaya."

Hashimu ya sa aka fitar da kowa, ya ɗauki takarda ta goma, wadda ta tsira, ya miƙa wa Malami. "Karanta."

Malami ya share ido ya karanta tiryan-tiryan. Lissafin rijiyoyin ƙauyen ne da waɗanda suka gina su.

"Me ya hana ka kwafe sauran?"

"Yau za ni farawa. Ga littahin da nis sawo jiya kasuwa." Ya nuna shi, sabo fil, sai kuka ya ƙwace masa.

Hayatu ya shigo da sanda a kafaɗa, Bafulatani ne na wajen Damri. An riga an tsegunta wa Hashimu cewa ya yi cacar baki a kan takardun.

"An ce ka ce limamin ya yi ƙarya."

"Na ce, kuma yanzu ma na ce. Rijiyar gabas Bappana Zubairu yag gina ta, aka rubuta wani."

"Shi ya sa ka goge?"

Hayatu ya ɗauki takardar ya dangwala yatsa a layi na uku. "Ga ƙaryar nan zaune, yallaɓai, ba abin da yas same ta. In ni ne, ita zan bari?"

Hashimu ya sallame shi. Ya jawo rajistar da ake rubuta kayan da mutane suka kawo, ya bi shafin makon jiya da yatsa, ya tsaya a layi ɗaya. Sai ya ji bakinsa ya yi ɗaci.

Shehu ya shigo yana ƙamshin turare, rigar boko fara ƙal, karin guga a hannunta kamar a yanka nama. Akawu ne, a Gusau ya tashi, gobe Alhamis zai je ganawar neman babban aiki a ofishin noman rani. Hashimu ya san irinsu sarai. Ba su zuwa zaman tsofaffi, amma ranar hoto su ne a tsakiya.

"Malam Shehu, mene ne wannan?"

Shehu ya karɓi takarda ta goma da hannu biyu, ya ƙura wa tsohon rubutun ido, ya sunkuyar da kai. "Addu'a ce, yallaɓai. Ta manya."

"Ranar da Malami ya karanta wa mambobi, kana nan?"

"Ina ofis."

"Wa ke yi maka guga?"

"Ni da kaina. Ba na yarda da hannun kowa."

"Madalla. A kira mutane."

Aka cika ɗakin, Barira na zaune a kan tabarma bakin ƙofa. Hashimu ya tsaya.

"Wanda ke son tarihi ya ɓace, wuta zai sa masa, ko ya jefa shi a masai. Wannan kuwa ya wanke tara ɗaya-ɗaya, ya goge su da dutsen guga, ya maido. Ba takarda yake so ba, tawada yake so. Ya bar ta goma don ita babu zanen gidaje. Malami da Hayatu sun iya karatun, sun san maƙabarta ce. Mutum ɗaya ne bai sani ba." Ya buɗe rajista ya karanta da ƙarfi. "Hatimin Liman, guda tara, asiri. Hannun wa ne wannan?"

Gumi ya karyo wa Shehu.

"Ka ga gida-gida da rubutu ciki, ka ce hatimi ne. Ka ce tsohon liman ba zai rasa asirin samun ɗaukaka ba. Kai sakataren ƙungiyar tarihi, ko ka tambaya! Tir! Ina ruwan tawadar?"

"Na... na sha, yallaɓai. Da zuma. Kwana uku."

Salati ya ɓarke. Hayatu ya tofar da yawu waje. Hashimu shekararsa goma sha shida a aiki, ya ga ɓarawon akuya, ya ga mai kisa, bai taɓa jin ƙyamar mutum irin ta yau ba.

"Kakanka Mamuda," in ji Malami a hankali, "yana takarda ta huɗu, gida na shidda."

Shehu ya dafe ciki ya soma kakarin amai.

Sai Barira ta dafa bango ta miƙe. Ta tako har gabansa, ta kama masa gaban farar rigar nan da hannunta mai goro.

"A'a, ɗana, kak ka zubar. Haɗiye abinka. Ruwa ya ci garinmu, na ce ba komi, ina da takarda. Yanzu kai ne maƙabartarmu. To buɗe baki ka gaya mini, Kubura tana ina? Ɗanlami hwa? Gabas da giginya ko yamma?"

 Hashimu ya ɓamɓare yatsunta daga rigar ɗaya bayan ɗaya, ya tisa ƙeyar mutumin zuwa caji ofis, ko hannunsa bai so taɓawa ba.

Ranar Juma'a ba aikinsa ba ne, amma Hashimu ya je bakin ruwa. Masunci ya kai Barira gindin giginya, ya tsayar da kwalekwale yana jiran ta nuna. Ta duba dama, ta duba hagu. Ruwa ne shimfiɗe iri ɗaya har iyakar ido.

"Kewaya da ni," ta ce. "Ka yi ta kewayawa. Wani wuri dai mu bi ta kansu."