Ƙanzon Inna

A can baya, a wani ƙauye, an yi wata yarinya wadda aikinta wanke tukunyar tuwo. Kullum innarta takan ce, "Kankare ƙanzon, ki shanya, ki zuba a tsohuwar randa."

Yarinyar ta gaji da shanya. Sai ta riƙa kankarewa tana watsa wa kaji a bayan ɗaki.

Damina ta yi nisa, hatsin rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba. Ƙannenta suka fara kukan yunwa.

Inna ta ce, "Ku yi shiru, ai muna da ƙanzo. 'Yar nan, buɗe randa ki jiƙa mana."

Yarinyar ta tsaya bakin randa, ta kasa ɗaga faifan. Kaji kuwa suka taru a ƙafarta, suna jira.